Gurbi na 3 a Apple IIe: Wa Zai Amsa, Manhajar Cikin Inji ko ta Kati?

A watan Janairun 1983 kamfanin Apple ya fito da Apple IIe, kuma ba a jima ba waɗanda suka saya suka fara cin karo da wani abu mai ɗaure kai. Mutum zai zare katin firinta daga tsohon injinsa, Apple II Plus, ya soka shi a gurbi na 3 na sabon, wanda aka riga aka sa wa katin ƙarin RAM na Apple, ya buga umarnin PR#3. Maimakon firinta ta motsa, sai sikirin ya goge, rubutu ya ƙanƙance ya koma harafi 80 a layi. Katin lafiyarsa ƙalau, in aka mayar da shi gurbi na 1 zai yi aiki nan take. Gurbin ma ba matacce ba ne, wuta na isa gare shi. Abin da ke faruwa shi ne masu amsa kira biyu ne suke zaune a adireshi guda, manhajar da ke kan katin da wadda Apple ya dasa a cikin injin, kuma injin ya riga ya yanke cewa ta cikin gida ce za ta amsa.

Ba kuskuren ƙira ba ne. Da gangan aka yi, kuma sai an koma 1977, shekarar da Apple II na farko ya fito, kafin a ga dalili.

Yadda Wozniak ya raba fili

Furosesar Apple II, wato 6502 ta kamfanin MOS Technology, adireshi 65,536 kawai take iya kira. Duk abin da ke cikin injin, RAM ne, ROM ne, kibod ne, lasifika ce, dole ya sami mazauni a cikin wannan adadi. Masu harkar suna rubuta adireshin da lissafi mai tushe 16, su sa alamar $ a gaba, haka ni ma zan yi. Steve Wozniak, wanda ya ƙera Apple II, ya ba RAM kilobayit 48 na ƙasa, daga $0000 zuwa $BFFF. Ya ba ROM, wato ma'ajiyar manhajar da ba ta gogewa, kilobayit 12 na sama, daga $D000 zuwa $FFFF, inda harshen BASIC da manhajar tayar da inji suke. Kilobayit 4 da suka rage a tsakiya, $C000 zuwa $CFFF, su ya ware wa kayan shige da fice, ciki har da gurabe takwas na soka kati. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa Steve Jobs biyu kawai ya so a yi, ɗaya na firinta ɗaya na modem, shi kuma ya kafe sai takwas.

Kowane gurbi daga 1 zuwa 7 ya sami abu biyu nasa na kansa. Na farko adireshi 16 na magana da na'urar da ke kan katin. Na gurbi na 3 su ne $C0B0 zuwa $C0BF. Na biyu shafi guda mai bayit 256 inda katin zai ajiye manhajarsa: $C100 na gurbi na 1, $C200 na 2, $C300 na 3, har zuwa $C700. Shi ya sa umarnin PR#3 ba wani sihiri ba ne. Cewa yake yi daga yanzu duk harafin da za a fitar a miƙa shi ga manhajar da ke $C300. PR#6 kuma ya kai ka $C600, inda katin faifai na Disk II ya saba zama, sai faifai ya fara juyawa. A cikin waɗannan bayit 256 aka cusa duk abin da ake buƙata don karanto sashen farko na faifai, abin da har yau masu sha'awar injin suke jinjina wa.

Amfanin wannan tsari shi ne kati yana zuwa da manhajarsa a jikinsa. Ba ka loda komai, soka ka kira lambar gurbi. Amma bayit 256 ba su isa kati mai aiki da yawa ba. Don haka aka bar wani fili mai kilobayit 2, $C800 zuwa $CFFF, na kowa da kowa, a riƙa karɓa-karɓa.

Nan ne gizo ke saƙar. Wayoyin da ke ɗauke da bayanai zuwa furosesa guda takwas ne, kuma duk katunan a kansu suke. In kati biyu suka amsa lokaci guda, ɗaya yana tura 1 ɗaya yana jan 0, abin da furosesa za ta karanta shirme ne. Kamar gidan da ke da wutar Nepa da ta janareta ne, layi ɗaya suke shiga, dole a sami makunnin da zai tabbatar ɗaya ta fita kafin ɗaya ta shigo. Sai dai Wozniak bai sa makunni guda a tsakiya ba. Yarjejeniya ya kafa: kowane kati yana da ɗan makunninsa a jikinsa, yana kunnuwa idan aka taɓa shafinsa na bayit 256, kuma duk katin da ya ga an taɓa adireshin $CFFF dole ya saki filin. Saboda haka katin kirki, kafin ya shiga $C800, sai ya fara taɓa $CFFF ya kori kowa har da kansa, sannan umarni na gaba da za a ɗauko daga shafinsa ya sake kunna shi shi kaɗai. Babu mai tilasta wannan doka a kan babban allo. In mai ƙera kati ya yi sakaci, kowa ya sha.

Akwai kuma hanya ta biyu, mai ƙarfi, ta ture ROM ɗin babban allo gaba ɗaya. Wata waya ce a cikin gurbin mai suna INH. In kati ya ja ta ƙasa, ROM ɗin ciki ya yi shiru katin ya amsa a madadinsa. Da ita katin Applesoft (wani nau'in BASIC) na gurbi na 0 yake aiki, wanda ke da ɗan makunnin hannu da ke leƙowa ta bayan inji: ka ɗaga ko ka sauke, ka danna RESET, injin ya tashi da BASIC ɗin kati ko na cikin gida. Mai injin yana ganin abin da ya zaɓa da idonsa. A riƙe wannan, don shi ne abin da IIe ya rasa.

Yadda lamba 3 ta zama ta sikirin

Apple II na asali harafi 40 yake nunawa a layi, kuma manyan baƙaƙe zalla. Ga mai wasa da BASIC ya wadatar, ga mai rubuta wasiƙar ofis bai isa ba. Sai wasu kamfanoni suka cike giɓin da katunan harafi 80, wanda ya fi shahara shi ne Videoterm na kamfanin Videx. A ƙa'ida irin wannan kati zai iya zama a kowane gurbi. Amma Apple Pascal, tsarin rubuta manhaja da harshen Pascal da ya fito a 1979, ya raba wa gurabe aiki: 1 na firinta, 2 na sadarwa, 3 na sikirin da kibod na waje. Masu amfani da CP/M, wata manhajar tafiyar da inji, ta katin SoftCard na Microsoft, da yawansu saboda manhajar rubutu ta WordStar, su ma a gurbi na 3 suke sa katin harafi 80. Kafin 1983 abin ya zama jiki. Tarin manhajoji a kasuwa, in suna son harafi 80, $C300 suke nufa kai tsaye ba tambaya.

Har hanyar gane kati ta kafu. Manhaja za ta leƙa wasu adireshi a shafin katin: in ta sami $38 a $C305, $18 a $C307, $01 a $C30B, ta san katin yana bin ƙa'idar Pascal, sannan bayit ɗin da ke $C30C ya faɗa mata irin na'urar.

To ga Apple yana son sabon injinsa ya zo da harafi 80 cikin araha. Injiniyansa Walt Broedner ya tattara aikin tarin ƙananan aisi, wato ƙwayoyin lantarkin da ke kan allo, cikin manya biyu, MMU da IOU, kuma su ne suke iya zana harafi 80 da kansu. Abin da ya rage kawai ƙarin RAM ne, domin sikirin mai layi 24 da harafi 80 yana cin harafi 1,920, ninki biyu na 960 ɗin da aka saba. Sai aka yi wani sabon gurbi na musamman, dabam da gurabe na 1 zuwa 7, wanda ake soka katin ƙarin RAM: ƙarami mai kilobayit 1, ko babba mai 64. Wannan kati ba shi da manhaja ko bayit ɗaya. Manhajar tana kan babban allo, a cikin ROM da aka faɗaɗa zuwa kilobayit 16.

Tambayar ita ce a wane adireshi za ta bayyana. Filin sama ya cika da Applesoft da manhajar tayar da inji. Kuma ko da akwai fili, tsofaffin manhajoji ba za su san da shi ba. Mafita ɗaya ce ta rage: manhajar cikin gida ta yi shigar kati. Ta zauna a $C300, ta ɗauki lambobin shaidar nan, ta sa $88 a $C30C, ta kuma yi amfani da filin karɓa-karɓa na $C800 kamar kowane kati. Manhajar da aka rubuta a 1981 ta buga PR#3 ta sami harafi 80, ba ta ma san babu kati a wurin ba.

A ganina shawarar daidai ce. Wanda ya sayi IIe tarin manhajojin Apple II yake saye, ba ƙarfe ba, kuma Apple III da ya gabace shi ya riga ya nuna wa kamfanin yadda kasuwa ke karɓar injin da bai jitu sosai da abin da mutane suka mallaka ba. Amma fa gurbi na 3 na zahiri yana nan a kan allo, da haƙoransa 50, yana jiran kati. Dole a sami mai raba gardama.

Makunni biyu na fili, ɗaya na ɓoye

Makunnan IIe ba na hannu ba ne, adireshi ne. Ka rubuta wani abu a adireshin, makunni ya juya. Abin da ka rubuta ba shi da muhimmanci, taɓawar ce aikin. Dole kuma rubutu ne ba karatu ba, saboda tun 1977 karanta $C000 zuwa $C00F harafin kibod yake bayarwa, kuma tsofaffin manhajoji suna yin haka dare da rana. Da karatu yana juya makunni, da kowace manhaja mai jiran a danna harafi ta hargitsa injin.

Babban makunnin shi ne INTCXROM. Rubutu a $C007 ya kunna shi, sai duk filin $C100 zuwa $CFFF ya koma ROM ɗin ciki, manhajar katunan nan bakwai duka ta ɓace daga idon furosesa. Rubutu a $C006 ya dawo da su. Injin da kansa yana yin wannan juyi a kai a kai ba tare da mai shi ya sani ba: manhajar tayar da inji ta yi girman da ba za ta shiga tsohon mazauninta ba, don haka aka ajiye ragowarta a ƙarƙashin shafukan gurbi na 1 da na 2. In ana buƙatarta sai a duba yadda makunnin yake, a kunna, a yi aikin, a mayar da shi yadda aka same shi. Manhajar gwajin lafiyar inji ma a can ƙarƙashin take, wadda ake tasowa da Control da RESET da maɓallin tuffa mai duhu.

Ƙaramin makunnin, SLOTC3ROM, shafin $C300 kaɗai ya shafa. Rubutu a $C00B ya ba katin da ke gurbi na 3, rubutu a $C00A ya ba manhajar ciki. Amma maganarsa tana aiki ne kawai idan babban yana kashe. In INTCXROM na kunne, ciki ne ko ta halin ƙaƙa.

Duka biyun ana iya tambayar halin da suke ciki. Daga BASIC, PRINT PEEK(49173) yana karanta $C015. In amsar ta kai 128 ko fiye, babban makunni na kunne. PEEK(49175), wato $C017, in ya kai 128 to kati ne yake riƙe da shafin gurbi na 3. Mai son gani da ido zai iya buga PRINT PEEK(49932) a injin da ke da katin ƙarin RAM, ya ga 136, wato $88 ɗin nan, ko da gurbi na 3 wayam yake. Ya buga POKE 49159,0 sannan PR#6, faifai ba zai motsa ba, domin $C600 yanzu ba katin faifai ba ne, tsakiyar manhajar gwajin inji ce.

Na ukun shi ne mai ban haushi. Manhajar harafi 80 ba ta shiga bayit 256 ba, mafi yawanta a $C800 take. To wa zai kunna mata filin? Sai aka sa wani makunni a cikin MMU da ke kwaikwayon ɗabi'ar kati: duk lokacin da aka taɓa wani adireshi a shafin $C300 alhali shafin yana hannun manhajar ciki, filin $C800 ya koma na ciki shi ma, ya zauna haka har sai an taɓa $CFFF ko an danna RESET. Ana kiransa INTC8ROM, kuma Jim Sather, wanda ya bi wayoyin injin ɗaya bayan ɗaya ya rubuta bayaninsu a 1985, yana cikin waɗanda suka fayyace shi. Ba shi da adireshin kunnawa na kansa, ba shi da adireshin tambaya. Wato PEEK(49932) ɗin da na ce a gwada ɗazu, leƙawa kawai, ya riga ya juya shi. Manhajar da ke zagaya gurabe tana duba shaidar kowane kati, da ta wuce ta kan na 3 ta ƙwace filin daga hannun duk katin da yake riƙe da shi, ba tare da niyya ba. Katin da ke bin doka, mai taɓa $CFFF duk lokacin da aka shigo masa, ba zai ji komai ba. Wanda ya ɗauka filin yana nan a hannunsa tun shigowar baya, shi zai yi tsalle zuwa $C800 ya faɗa cikin manhajar da ba tasa ba.

Saura wa yake yanke hukuncin farko. Da an kunna inji ko an danna RESET, makunnan duka suna komawa kashe, wato katuna suna bayyane amma shafin $C300 na ciki ne. Sai manhajar tashi ta gwada: ta rubuta wani abu a inda ƙarin RAM ya kamata ya kasance, ta karanta. In babu kati a gurbin musamman, ta rubuta a $C00B ta sakar wa gurbi na 3 shafinsa, tsohon Videoterm ya yi aikinsa kamar da. In akwai, ta bar shafin a ciki. Tun da kusan duk mai amfani da injin da gaske yana da katin, musamman mai kilobayit 64 da manhajoji irin su AppleWorks suka sa ya zama kamar dole, gurbi na 3 ya zama gurbin da ba a sa kati mai manhaja.

Ana iya ƙwato shi da hannu, POKE 49163,0 sannan PR#3. Amma a tabbata ba a cikin yanayin harafi 80 ake ba, domin a lokacin duk harafin da za a fitar ta $C307 yake bi. Ka juya makunnin a haka, harafi na gaba ya faɗa hannun katin da ba a shirya shi ba. Kuma RESET ɗaya ya rushe abin da ka yi. A injinan da aka ƙera wa Turai ma ba a bar wa mutum wannan wahalar ba: gurbin musamman a layi ɗaya yake da gurbi na 3, in ka soka kati a ɗaya ya tare wa ɗayan wuri.

Gyaran 1985

A watan Maris na 1985 aka fito da ingantaccen IIe, mai furosesa 65C02 da sabon ROM. Abin da ya matsa a lokacin shi ne katsewa, wato na'ura kamar maus ko katin sadarwa ta dakatar da furosesa a tsakiyar aiki ta ce a saurare ta. Katsewa ba ta sallama. Tana iya zuwa lokacin da INTCXROM ke kunne ko kashe, lokacin da ROM ɗin sama ke bayyane ko an rufe shi da RAM. Ana buƙatar wuri guda da kullum yake nan, ko wane hali makunnan suke ciki, inda furosesa za ta fara sauka.

Wurin da aka samu shi ne wutsiyar shafin gurbi na 3. An sa adireshin saukar ya zama $C3FA, bayit shida kafin ƙarshen shafin, kuma umarni biyu ne kawai a wurin. Na farko ya karanta $C015 don a tuna yadda babban makunni yake. Na biyu ya rubuta a $C007. Da ya gama, furosesa ta zarce adireshi na gaba, $C400, wanda kafin wannan rubutun shafin katin gurbi na 4 ne, yanzu kuwa ROM ɗin ciki ne, inda ainihin manhajar kula da katsewa take. Dabarar ta burge ni, amma tana da kuɗinta. Saukar da aka yi a $C3FA ta taɓa shafin $C300, don haka makunnin ɓoye ya juya, filin $C800 ya fita daga hannun katin da aka katse. Tun da ba a iya tambayar wa ke riƙe da filin, sai aka dogara da wata tsohuwar ƙa'ida: katin da zai shiga $C800 ya fara rubuta lambar shafinsa a adireshin $07F8. Da ita ake sanin wanda za a mayar wa bayan an gama. Katin da bai damu da rubuta ta ba a 1980, lokacin da ba mai dubawa, ya fara faɗuwa a 1985.

Sabon ROM ɗin ya kuma sassauta wa gurbi na 3. Yanzu a lokacin tashi yana leƙa katin da ke wurin, in ya ga lambobin shaida na ƙa'idar Pascal sai ya sakar masa shafin ko da akwai katin ƙarin RAM. Sharaɗin shi ne mai ƙera katin ya kwafi waɗancan umarnin na wutsiyar shafi ya sa a nasa ROM a daidai wurin, in ba haka ba katsewa ta farko za ta sauka a kan abin da ba a shirya ba.

A aikace dai mutane sun riga sun sama wa gurbin wani amfani. Adireshinsa 16 na $C0B0 ba makunnin da ya taɓa su, don haka duk katin da ba ya buƙatar manhaja a shafinsa yana zama lafiya. Katunan ƙara gudu irin su TransWarp na Applied Engineering nan aka fi soka su, haka ma katin Uthernet da masu riƙe da injin a wannan zamani suke haɗa shi da intanet. ProDOS kuma, tsarin Apple na sarrafa faifai, ya ƙara ɗaure lambar: faifan wucin gadi da yake ƙirƙira a cikin ƙarin RAM, a matsayin gurbi na 3, faifai na 2 yake lissafa shi.

Apple IIc na 1984 ya kai dabarar shigar kati ƙarshenta. Ba shi da gurbi ko ɗaya, amma manhaja tana ganin katin sadarwa a 1 da 2, harafi 80 a 3, maus a 4, faifai a 6, duka ROM ɗin ciki ne. Sai a IIGS, a watan Satumban 1986, aka dawo wa mai inji da zaɓin da yake da shi zamanin makunnin hannu. Injin yana da gurabe bakwai na gaske da kuma na'urorin ciki masu shigar kati, kuma a shafin saiti mutum yana bin gurabe ɗaya bayan ɗaya yana faɗin wanda zai amsa, na ciki ko katinsa, batir ya riƙe zaɓin ko an kashe wuta. A ƙarƙashi adireshi guda ne, $C02D, kowane gurbi da bit ɗinsa: 1, 2, 4, 5, 6 da 7. Bit na 3 ba a yi amfani da shi ba. Shafin $C300 ya ci gaba da zama a hannun $C00A da $C00B, saboda manhajojin IIe da ke taɓa su kai tsaye sun yi yawa, kuma shi kansa IIe bai bar kasuwa ba sai Nuwamban 1993.